Wanda Ke Tsaye a Bayan Runa

Aikina ɗaga mata ne. In mutum ya tambaye ni sana'ata na ce masa rawar bale, irin ta Turawa da ake yi a kan dandamali, sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ƙaton mutum mai kaurin wuya, ya yi ɗan murmushin nan da ke sa ni jin kamar in kwaɗa masa mari. To rawar nake yi. Amma rabona a cikinta shi ne in tsaya a bayan mace, in riƙe ƙugunta tana juyi a kan yatsun ƙafa ɗaya, in ɗaga ta sama da kaina, in sauke ta ba tare da kowa ya ji ƙarar saukarta ba. Fiye da shekara ashirin ina wannan a gidan rawarmu na Oslo. Matan gidan har rigima suke yi a kaina, kowace ta ce a haɗa ta da Eilif. 'Yan kallo kuwa, ko karo muka yi da su a hanya, ba wanda zai ce ya taɓa ganina.

Ban damu ba, ko in ce na koya wa kaina kada in damu. Mutum ɗaya ne rashin zuwansa kallona yake cin raina, shi ne Baba.

Baba masunci ne, a wani tsibiri can arewa inda aka haife ni. Tun da na bar gida ina ɗan saurayi na tafi makarantar rawa, bai taɓa zama ya kalle ni ba. Bai zage ni ba, bai kuma hana ni ba. Da ma ya yi, da na san matsayina. In na aika masa tikiti da hunturu, sai ya ce kifi ya shigo. In na aika da bazara, sai ya ce yana gyaran jirgi. Lokacin da Mama ke da rai takan zo ita kaɗai, ta koma ta ba shi labari tiryan-tiryan, ya ce "To," ya ƙara kofi. Yanzu ga shi shanyewar ɓarin jiki ta kai shi gidan kula da tsofaffi, ba jirgin da zai ɗauko shi zuwa kudu. Ni kuma a gidan rawarmu da zarar ka cika arba'in da ɗaya sai a ba ka furanni, a tafa maka, ka kwashe takalmanka ka yi gaba. Nawa lokacin saura 'yan watanni.

Ana cikin haka aka ce za a ɗauki babban wasanmu na shekara a nuna a talabijin. An ciro wasan ne daga tsohon littafin nan da aka tilasta mana karantawa a makaranta: matar wani attajirin katako ta faɗa son wani saurayi mai goge, gari ya juya mata baya, daga ƙarshe ta taka ƙanƙarar tafki a lokacin da kowa ya san ba ta ɗaukar nauyin mutum. Runa, babbar 'yar rawarmu, ita ce matar. Vetle, wani matashi mai tsalle kamar ɗan akuya, shi ne mai gogen. Ni ne mijin.

Na kira yayata Gunvor, wadda ke zaune kusa da Baba, na gaya mata. Washegari sai ga kiranta.

"Auta, nemi wuri ka zauna. Na faɗa wa tsohon naka."

"Ya ce me? Kifi ya shigo?"

"Kai dai ba ka da kirki. Cewa ya yi in dai a talabijin ne, ai ba sai ya sa takalmi ba. Zai duba."

"Zai duba?"

"Haka ya ce. Kada ka tambaye ni ƙarin bayani, ka san halinsa." Sai ta ƙara da cewa, "Amma ku yi sauri da abin nan naku, Eilif. Jikin ba ƙaruwa yake ba."

Na ajiye waya na zauna a kan matakala. Ni da furfura ta fara fito mini a saje, kalma biyu daga bakin tsoho suka mayar da ni yaro. Na yi murna, na kuma ji haushin kaina da na yi murnar.

Wanda aka ba aikin ɗaukar wasan, sunansa Steinar, wani siririn mutum da ba ya cire gyale daga wuyansa ko a cikin ɗaki mai ɗumi. Ya zo da kyamarorinsa ya ɗauki wani cikakken gwajinmu, da kaya da kwalliya da komai, sannan ya tara mu a wani ɗan ɗaki ya nuna mana abin da ya samu. Na zauna in kalli kaina, sai na ɓuge da neman kaina. Shi mijin ba shi da rawar da yake yi shi kaɗai, duk motsinsa da matarsa ne. Ga shi an manna mini gemu da gam, an ɗora mini hular gashi mai furfura, an sa ni cikin baƙar kwat har gwiwa. In na ɗaga Runa, kyamara ta bi ta sama, a ga wuyan hannuna kawai. In tana juyi, a ga fuskarta tana haske, a bayanta kuma wani baƙin abu mai rabin gemu.

Na ce, "Steinar, ina nake?"

"Ga ka nan."

"Wannan gwiwar hannu ce."

"Gwiwar hannu mai kyau kuwa."

Vetle ya tuntsire da dariya, na watsa masa harara ya haɗiye ta.

"Kada ka raina mini hankali. Wasan nan na mutum uku ne, ka mayar da shi na mutum biyu da mai dako."

Steinar ya gyara gyalensa. "Mutumina, ba ni na ɓoye ka ba. Duk inda na kai kyamara sai in tarar ka shige bayanta, kamar yaron da ya fasa kwano. Ta dama na bi, ka laɓe. Ta hagu na bi, ka laɓe. In fasa bayan yarinyar ne in ɗauko ka?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Tun muna makaranta malaminmu yake bin mu da sanda yana cewa, "Ba kai aka zo gani ba. Cibiyarka ta dubi tsakiyar bayanta." Kuma ba don ladabi ake haka ba. In kana tsaye daidai a bayanta, tafin hannunka ne ke fara jin ta karkace tun ita ba ta sani ba, sai ka mayar da ita kan ƙafarta da ɗan yatsa, ba wanda ya gani. In ka goce gefe, hannu ɗaya zai yi nisa, ɗaya ya yi kusa, in ta tafi sai dai ka bi ta da ido. Wanda ya iya aikin shi ne wanda ya ɓace. Ni kuwa na iya aikin, shi ya sa na ɓace ƙurmus.

Da kowa ya watse na tare Steinar a bakin ƙofa. Ban so ba, amma na gaya masa maganar Baba. Na tsani roƙo, na kuma tsani yadda ya karkata kai yana saurarena kamar ya samu labarin sabon fim.

Ya ce, "To ga shawara. Rawarku ta ƙarshe, inda take dogon juyin nan, mijin ya gane tafiya za ta yi ba dawowa. A nan nake son fuska, ni ma. In ka ɗan gusa hagu, kyamarar da ke gefe za ta cika allo da fuskarka. Kowa zai gan ka, har na tsibiri."

"A kan juyin? Wurin da ya fi ko'ina haɗari?"

"A nan abin yake. Kuma ka sani, ɗauka ɗaya ce, wasan ranar Lahadi da rana. Litinin motocin nan sun wuce ɗaukar tseren kan ƙanƙara."

Haka ƙasar nan take. Mu a ba mu yini ɗaya, masu sulu a kan katako a ba su mako.

Ya durƙusa da kansa ya manna ɗan farin salatif a ƙasan dandamali, ya ce nan zan tsaya. Tazarar ba ta kai tsawon takalmina ba. Na daɗe ina kallonsa.

Saura Runa, don ƙugunta ne, ƙafarta ce. Na same ta a ɗakin gwaji zaune a ƙasa, tana bubbuga sabon takalminta a bango don ya yi laushi. Shekara takwas muna rawa tare, ta san ni fiye da yadda tsohuwar matata ta san ni.

"Tsoho, wannan fuskar fa? Wa ya mutu?"

Na gaya mata. Ta ajiye takalmin.

"Shi ne kake ta kewaye-kewaye? Ka gusa mana. Ni jaririya ce? Juyin nan ko babu kai ina iya yinsa."

"Ƙarya kike."

"To ƙarya nake, amma ka gusa. Kullum kana numfashi a ƙeyata kamar saniya, ko na huta."

"Runa, ke ma fa ɗaukarki ta farko ce. In kika zame, duk ƙasar nan za ta gani, kuma ba ya gogewa."

"In na zame in ce kai ne. Tashi mu gwada."

Muka gwada. Na farko ta tafi gefe, na cafko ta da ƙyar, ta zage ni tas. Na biyu ya ɗan yi dama-dama. Muka yi ta yi kullum bayan kowa ya tashi, har jikina ya fara yarda. Ba daɗi, kamar mutum ya rubuta sunansa da hannun hagu, amma yana yiwuwa. A gwaji na ƙarshe mun yi shi sumul, har Runa ta juyo ta ja mini gemu ta ce yau ta ga mijinta.

Ranar Lahadi gida ya cika maƙil. A gefen dandamali, makaɗa na gyara kayansu, Runa ta kai mini shurin sa'a da gwiwa a baya, ni ma na rama, ba wanda ya ce wa wani ya gode, don a al'adar 'yan rawa godiya na kore sa'ar. Aka ɗaga labule.

Wasan ya tafi lafiya. Vetle ya yi tsallensa, mata suka yi ta shewa. Runa kuwa ranar wani abu ya hau kanta, ban taɓa jin ta da sauƙi a hannuna haka ba. Ni dai hankalina na kan salatif ɗin nan. Duk sanda na wuce ta wurin sai na saci kallonsa.

Aka zo rawarmu ta ƙarshe. Kiɗa ya yi ƙasa, saura goge ɗaya. Runa ta tako zuwa tsakiya, ta hau kan yatsunta, na sa hannu a ƙugunta na tura ta, ta fara juyi. Na ga ɗan jan hasken kyamarar gefe ya kama. Na ce wa kaina, Eilif, yanzu. Na ɗaga ƙafar hagu. Wallahi na ɗaga ta, na san na ɗaga.

Sai na ji wani abu a tafin hannuna na dama. Ba wani abin kirki ba ne, nauyinta ne ya ɗan jingina, kamar yadda kofi ke karkata a kan faranti kafin ya zube. Ban yi tunani ba, ban zaɓi komai ba. Ƙafar da na ɗaga ta koma inda ta fito, cibiyata ta dubi tsakiyar bayanta, yatsuna suka yi abin da suka saba. Ta yi juyinta har ƙarshe, ta tsaya cak, kamar an dasa ta. Gida ya ɗauki tafi tun kiɗa bai ƙare ba. Jan hasken ya mutu. Salatif na nan a gefena, fari tas, ban taka shi ba.

Sauran wasan ban san yadda na yi shi ba. Ta taka ƙanƙararta, ta nutse, aka sauke labule, muka fita muka yi ta rusunawa.

Muna shiga bayan labule ta juyo, tana haki, gumi na zuba.

"Me ya hana ka gusawa?"

"Kin tafi."

"Na tafi ina?"

"Kin karkata dama. Na ji a hannuna."

"Ni? Eilif, a rayuwata ban taɓa zama daram a kan ƙafata irin yau ba! Ina jiran in ji ka matsa, sai na ji numfashin saniyar nan a ƙeyata."

"Na ce miki na ji!"

"To hannunka ya yi maka ƙarya. Haba! Mako nawa muna wahalar nan?"

Na buɗe baki in rantse, sai na kasa. Har yau ban sani ba. Ko ta karkata ɗin na tare ta tun ba ta ji ba, wanda shi ne aikina, ko kuwa hannun ne ya ƙirƙiro don ya samu dalilin komawa inda ya saba. Na kalli wurin a hoto har idona ya yi ja, ba abin da ya nuna. In da na yi aikin da kyau, ba zai nuna ba. In babu abin da ya faru, nan ma ba zai nuna ba. Na shiga ɗakina na fizge gemun da ƙarfi har fatar haɓata ta yi jini.

Na bi Steinar har inda yake haɗa hotunan. Na ce ya duba sauran kyamarorin, ko akwai wadda ta kama ni. Ya duba, don Allah ya duba, ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Kunne. Kafaɗa. Ƙeya. Wuri ɗaya an ga idona guda a ƙarƙashin hammatar Runa.

Na ce, "To rusunawar ƙarshe fa? A nan ai gaba nake fitowa ni kaɗai."

"Na cire ta."

"Ka yi me?"

"Mace ta nutse a tafki, mutane na share hawaye, sai kuma a gan ta ta fito tana dariya da furanni? A'a. Daga ƙanƙara sai duhu, sai sunaye."

"Steinar, haka ake yi tun kafin a haifi kakanka!"

"A dandamali ba. Wannan fim ne." Ya dafa kafaɗata. "Na ba ka wuri, mutumina. Kai ne ba ka zo ba."

Na ture hannunsa na fita. Na so ƙwarai a ce laifinsa ne. Da na samu wanda zan tsana, da na ji sauƙi.

Da ranar nunawa ta matso na hau jirgin sama zuwa arewa, daga nan na shiga jirgin ruwa. Gunvor ta tarye ni a bakin gaɓa da motarta mai warin kare. A hanya na gaya mata komai.

Ta ce, "To mene ne abin tashin hankali? Da an fara sai in ce, Baba, ga Eilif nan, mai baƙar kwat. Shi ke nan."

"Kada ki kuskura."

"Saboda me?"

"Ki bar shi ya gane ni da kansa."

"Da gemu? Da furfura? A bayan mace? Kai, girman kan gidan nan dai a kanka ya ƙare. Kai da Baba ba wanda zai yi wa wani gori."

"Ɗansa ne ni, Yaya. Ko tafiyata ai ya sani."

Ta yi tsaki ta ƙara wuta.

Ranar Asabar ce da yamma, tun rana ba ta faɗi ba. Ma'aikatan gidan sun ji labari, sun jera kujeru a falo gaban talabijin, sun dafa kofi, sun toya waina an shafa mata cuku. Tsofaffi sun fi goma. Aka turo Baba a kujera mai taya. Ya rame, kafaɗun nan da na sani sun zube, hannun hagu na kwance a cinya ba ya motsi. Amma idon na nan yadda yake. Ya dube ni ya ce, "Ka zo." Na ce na zo. Ya tambaye ni ko teku ta yi kyau a hanya, na ce ta yi. Hirarmu ke nan.

Aka fara. Na zauna a gefensa, ban kalli allo ba, shi nake kallo. Na fito da baƙar kwat ɗina riƙe da hannun Runa, bai motsa ba. Wata tsohuwa a baya ta tambaya da ƙarfi yaushe za su fara magana. Aka ce mata ba a magana. Ta ce to ita a mayar da ita ɗaki.

Sai Vetle ya faɗo dandamali da gogensa, ya tashi sama ya buɗe ƙafafu, ya sauka ya sake tashi. Baba ya ɗaga haɓa.

"To. Ga shi nan." Ya ɗan juyo wajena. "Har yanzu ba ka daina tsalle-tsallen ba."

Gunvor ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Vetle gashinsa ruwan zinare, ni nawa baƙi, kuma na girme shi da kusan shekara ashirin. Amma a wurin Baba ɗan da ya tafi rawa yaro ne mai tsalle a kan duwatsun bakin teku, bai taɓa ganin wani ba. Na ce a raina bari dai, saura rawa biyu, zai gani.

Duk fitowar Vetle sai Baba ya ce "Hm," ya kurɓi kofi. Ba yabo ba ne, ba kuma zagi ba. Na zauna ina jin haushin yaron da bai yi mini komai ba.

A rawarmu ta biyu, inda nake ɗaga Runa da hannu ɗaya in zagaya dandamali da ita, na ga Baba ya ajiye kofin. Ya ɗan sunkuyo gaba. Kyamara ta bi Runa sama kamar kullum, amma shi ba sama yake kallo ba, ƙasan allon yake kallo, inda ƙafafun baƙar kwat ke tafiya.

Ya ce, "Da gwiwa yake ɗagawa. Ba da baya ba."

Na kasa kunne ko zai ƙara.

Aka zo ta ƙarshe. Goge ɗaya. Runa ta hau kan yatsunta ta fara juyi, allo ya cika da ita, a bayanta baƙin abu da hannaye biyu a ƙugunta. Na ga wurin da ƙafata ta ɗaga ta koma, ni kaɗai na san da shi a duniya. Ta tsaya cak. Baba ya buga hannun kujera da hannunsa mai lafiya.

"Kin gani, Gunvor? Kin ga na bayan nan? Tun da aka fara nake lura da shi. Ita tana ta rawar kai, shi ko sau ɗaya bai sake ta ba. Bai kalli kowa ba, idonsa na kan aikinsa." Ya girgiza kai. "Irin wannan ake so a jirgi in teku ta tashi. Da na samu irinsa a gida, da ban sayar da jirgina ba."

Gunvor ta rufe baki da hannu. Shekara da shekaru ina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan, ga ta ta zo har da ƙari, ya miƙa wa wani baƙo mai gemu. Girman kan da na shigo da shi ya zube. Na matso da kujerata, na dafa hannunsa.

"Baba, ni ne."

"Kai ne wa?"

"Na bayan. Mai baƙar kwat. Gemun na manne ne, gashin ma hula ce. Ni ne nake riƙe da ita."

Gunvor ta ce, "Shi ne, Baba. Wallahi Eilif ne."

Ya juyo ya dube ni da kyau, daga fuska har hannun da ke kan nasa. Ya mayar da ido kan allo, amma an riga an wuce wurin, Runa ce kaɗai a kan farar ƙanƙara tana tafiya. Ya jira ko mai baƙar kwat zai sake fitowa. Ni na san ba zai fito ba. Ta nutse, allo ya yi duhu, ƙananan sunaye suka fara hawa da saurin da ba tsohon da zai iya karantawa.

Baba ya zare hannunsa a hankali ya ɗauki kofinsa.

"A'a," ya ce. "Wancan aiki yake yi. Kai ai rawa kake yi."